Yoyon Baƙin Mai da Ƙarar Ƙafa: Abin da Mai Mota Zai Iya Gyarawa da Hannunsa

Motar da ke zirga-zirga tsakanin Kwanar Dangora, Tudun Wada da Doguwa, ko mai kutsawa ƙauyukan Kiru da Bebeji ranar kasuwa, ciwo biyu ne ba ta rabuwa da su: yoyon baƙin mai da lalacewar ƙafa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da ka bar kwalta ka kama burji, gargada ce za ta karɓe ka, damina kuma ta bar maka ramuka. Ga lodi: da kaka ta yi, za ka ga Golf ta taso daga Doguwa da buhunan masara har bayanta na neman sharar ƙasa, wata kuma ta ɗauko shinkafa daga Tudun Wada. Ƙaramar mota irin wannan, abin da aka ƙera ta ta ɗauka, har da direba da fasinja, bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, wato buhu huɗu ko biyar. Mu kuwa mun san nawa ake ɗora mata. Sannan ga shekaru. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, ke nan mafi yawan waɗanda ke kan wannan hanya sun kai shekara 30 ko sun kusa. Roba ba ta kai wannan shekaru a zafinmu ba tare da ta bushe ba, kuma kusan duk yoyon mai da rabin ƙarar ƙafa daga busasshiyar roba suke farawa.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kai mota Kano don ƙaramin gyara ya zama lissafi. Wannan jagora ba za ta mai da kai bakanike ba. Abin da nake so ka fita da shi shi ne iya gano ainihin inda ciwon yake kafin ka kashe ko sisi, sannan ka san wanda za ka gyara a gindin bishiya da wanda dole sai gareji.

Kafin ka shiga ƙarƙashinta

Wannan ba a yi masa gaggawa. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba na riƙe ta ba. Kada ka taɓa cusa kai ko hannu ƙarƙashin motar da ke kan jak shi kaɗai. Nemi ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, ba rairayi ba. Sa katako mai faɗi ƙarƙashin jak ɗin don kada ya nutse. Ja hambirki, sa giya ɗaya, ka yi wa tayoyin da ke ƙasa waigi gaba da baya. Bayan ka ɗaga, tokare shasi da kututturen itace mai ƙwari, sannan ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin gefen motar ta zama kariya ta biyu. Bulon siminti ba abin tokara ba ne: yana fashewa lokaci guda, ba gargaɗi. Kuma bari inji ya huce, don man da ya yi tafiya yana kai zafin tafasasshen ruwa.

Kayan aiki ba su da yawa. Sifana da soket masu lamba 10, 13, 17 da 19 sun ishi yawancin notinan motocin Jamus. Na Japan irin Corolla sun fi son 10, 12, 14 da 17. Sai filaya, guduma, dogon ƙarfen banƙara irin na mai faci, tocila, tsumma, tsohon burushi, kananzir da babban kwali.

Wane mai ne yake zuba?

Ba duk ɗigon da ka gani a ƙasa ne baƙin mai ba. Shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota da daddare, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke, da safe ka duba. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa, mai santsi. Man giyar mota mai otomatik ja ne, haka ma man sitiyarin motoci da dama. Man giyar hannu yana da kauri da wani wari mai hawa kai kamar na ƙibiritu. Ruwan lagireto tsinkakke ne, in kuma kana kunna na'urar sanyi, ruwan da ke ɗiga daga gefen fasinja ba ciwo ba ne. Wanda ba a wasa da shi shi ne man birki: fari-fari ne ko ruwan zuma, yakan bayyana a jikin taya ta ciki. In shi ka gani, motar ba ta hau titi ba sai an gyara.

In ka tabbatar baƙin mai ne, duba geji. Mota a daidaitaccen wuri, inji a kashe na kamar minti goma, zaro gejin, goge, mayar, sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama wajen lita 1 ce, injin gaba ɗaya kuma wajen lita 4 yake ci. Da wannan za ka auna girman matsalar. Motar da ke rage ɗan kaɗan a wata tana iya jiran ka shirya. Wadda ke sauka daga sama zuwa ƙasa a tafiya guda zuwa Riruwai da dawowa, tata ta yau ce.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗaukar inda mai ke ɗiga a matsayin inda yake fitowa. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma ta kora shi baya, ƙurar hunturu ta manne a kai ta zama baƙin caɓi. Sai a leƙa a ga kwanon ƙasa, wanda kanikawa ke cewa botom filet, ya jiƙe sharkaf, a ce gasket ɗinsa ne, a kwance, a sa sabo, bayan kwana biyu ɗigo ya dawo domin tun asali daga can sama yake zuwa. Don haka wanke injin tukuna. Kananzir da burushi, sannan ruwan omo kaɗan. Rufe altaneta da kan wayoyin fulogi da leda, kada ka yi amfani da fetur. Bari ya bushe sarai. Tada inji ya yi minti goma sha biyar a tsaye, ka bi shi da tocila daga sama zuwa ƙasa, hannu da hannun riga nesa da fanka da fambel. Wurin da ya fi kowane tsawo da ka ga danshi, nan ne mafari. In yoyon mai kunya ne bai nuna ba, barbaɗa farar hoda a wuraren da kake zargi, yi ɗan zagaye cikin gari, ka dawo ka ga layin da man ya ja a kan hodar.

Waɗanda za ka iya

Mafi yawa a tsofaffin injuna shi ne gasket ɗin murfin sama, wato tof kaba. Alamarsa danshi a gefen kan inji da ƙaurin mai in ya zuba kan salansa. Cire tiyo da wayoyin da suka tare hanya, kuma ɗauki hotonsu da waya kafin ka taɓa komai, don mayarwa ta fi cirewa wuya. Kwance notinan, ɗan bubbuga murfin da tafin hannu ya saki; kada ka cusa sikundireba tsakaninsa da kan inji, za ka yi wa alminiyon rauni da ba ya warkewa. Kankare tsohon gasket da abin roba ko itace, ka goge fuskokin biyu har su bushe ƙayau, ka kula kada tarkace ya faɗa ciki. Ɗora sabo. Gam ɗigo kaɗan ake sawa, a kusurwoyin da gasket ya lanƙwasa kawai.

A nan zan ɗan tsaya, domin gam ya kashe injuna da yawa a ƙasar nan. Akwai masu ganin in an lafta shi da yawa ya fi riƙewa. Abin da ke faruwa shi ne, da an ɗaure noti, rabin gam ɗin ya matso waje, rabi ya matsa ciki. Na cikin ya bushe, ya gutsuttsure, ya gangara kwanon ƙasa, ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Ranar da ya gama toshewa, inji ya buga, alhali mai cike yake a geji.

Ɗaurin notinan tof kaba daga tsakiya ake farawa zuwa gefe, ana tsallakawa wannan ɓangare da wancan, a zagaya sau biyu ko uku. Ƙarfin da suke so kaɗan ne ƙwarai, wajen 10 Nm a sifanar awo. In ba ka da ita, riƙe sifana kusa da kanta ka ɗaure da ƙarfin wuyan hannu kawai. Matsewa da yawa ba ta hana yoyo, lanƙwasa murfin take yi.

Na biyu notin juye mai. A bayansa akwai washa ta jan ƙarfe ko alminiyon wadda ake so a canza duk juyen mai, amma sai ta shekara biyar ana mayar da ita. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Tara man a roba mai tsabta, sa sabuwar washa, fara ɗaura notin da yatsu don kada ya hau zare a karkace, sannan ka ƙarasa da sifana ba tare da ka hau kanta ba. In notin yana juyawa ba ya kamawa, zaren kwanon ya cinye; wannan sai wanda zai sake yanka zare.

Na uku filta. Wani lokaci sako-sako ne kawai, wani lokaci kuma robar tsohuwar filta ce ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta, roba biyu kuwa ba sa riƙe mai. Shafa ɗan mai a robar sabuwar, murɗa da hannu har ta taɓa, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da sifana. Kusa da ita ko a jikin kan inji akwai ɗan suwic mai waya guda wanda ke kunna jar fitilar mai. In ya tsufa yakan tsiyaye ta wurin wayar. Kwance shi, ɗaura sabo irinsa, aikin minti goma ne.

Kafin ka zargi kowane sil, duba tiyon numfashin inji, wato birida, wanda ya fito daga tof kaba ya nufi bututun iska. In ya toshe da dasƙararren mai, iskar da ke taruwa cikin inji ba ta da mafita, sai ta tura mai ta duk inda ya yi rauni. Ka canza gasket uku, yoyo bai daina ba, ashe tiyo ne yake son wanki. Cika mai ya wuce alamar sama ma haka yake yi.

Kwanon ƙasa kansa yana shan duka a hanyoyin dutse na wajen Riruwai. Na Golf 3 ƙarfe ne, yakan lotsa. Na Golf 4 alminiyon ne kuma yana kusa da ƙasa, shi tsagewa yake yi. In ka ji dutse ya doki ƙasan mota, tsaya ka leƙa nan take. In kuma jar fitilar mai ta kama kana tafiya, kashe inji a inda kake. Na san ba wanda ke son tsayawa a tsakiyar dajin Falgore, shi ya sa duba geji a Tudun Wada ko a Doguwa kafin a shiga dajin, da ajiye galan ɗin mai a but, ya zama al'ada.

Waɗanda ba naka ba

In man yana fitowa daga mahaɗar inji da giyabos, oyil sil ɗin baya ne, sai an sauke giyabos. In daga bayan fulin gaba ne ko cikin murfin tayimin bel, sil ɗin gaba ne; kada ka yi jinkiri, don mai yana cinye bel, in ya tsinke kuma a injuna da yawa bawul ne ke lanƙwashewa. In mota na shan mai ba ɗigo a ƙasa, sai shuɗin hayaƙi a salansa, ƙona shi take yi, maganar ringi ce. Waɗannan na gareji ne. Amma dubi bambancin: maimakon ka ce wa bakanike "mota na zubar da mai", sai ka ce, "Oga, na wanke na duba, sama a bushe take, daga tsakanin inji da giyabos yake zuwa." Wanda ya ji haka ya san ba zai lissafa maka kayan da ba ka bukata ba. Tunda giyabos zai sauka, ce ya duba kuloci a lokaci guda, kada ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Man da ka juye kada ya bi kwata ko rafi. Ruwan Doguwa da Tudun Wada Kogin Kano yake nufa, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, wadda dubban manoman rani da masunta ke ci daga gare ta. Zuba shi a galan, masu shafa wa katakon rufi don gara za su karɓa da murna.

Ƙafa: saurara tukuna

Ƙafar mota tana faɗin ciwonta tun kafin ta faɗi. Ƙaramar ƙara ƙwas-ƙwas a kan gargada, wadda ke ɓacewa a kan kwalta mai kyau, galibi linkej ne ko bushin ɗin sandar da ke hana mota tangaɗi. Ƙara mai nauyi, gum, in ka faɗa rami ko ka taka birki, bushin ɗin lowa am ne ko boljoyin. Sitiyari mai wasa, mota na yawo a titi, tayirod. Ƙas-ƙas-ƙas in ka karya kwana kana ba da wuta, shaf ne, kuma za ka tarar robarsa ta yage giris ya fantsama. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya.

Taya ma shaida ce. Wadda ta cinye gefe guda tana nuna alaimen ya tafi. Wadda ta yi tudu-da-kwari in ka shafa ta da tafin hannu, shokazoba ne ya mutu, tayar na tsalle a titi maimakon ta manne. Danna kowace kusurwar mota da ƙarfinka ka saki: ta taso ta zauna, lafiya, ta ci gaba da lilo, shokazoban ya gama. Leƙa jikinsa kuma; ɗan danshi ba komai, amma in mai ya gangaro har ƙasa, ya fashe.

Yanzu ɗaga tayar gaba, ka tokare. Kama ta sama da ƙasa ka girgiza: in da wasa, boljoyin ne ko boris. Sa wani ya taka birki ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace boris ne, in yana nan boljoyin ne. Kama ta hagu da dama ka girgiza: wasa a nan na tayirod ne, ka ɗora yatsa a kan mahaɗar za ka ji tana motsi. Sannan cusa ƙarfen banƙara kusa da kowane bushin ka ɗan taɓa. Robar da ta tsattsage ko ta rabu da ƙarfenta ta tashi aiki. Cikin duka, boljoyin da tayirod ne ba sa jira. Bushin zai dame ka da ƙara wata da watanni, amma boljoyin in ya fita, taya ce ke kwantawa a ƙarƙashin mota, kuma ba ya zaɓen lokacin da kake tafiya a hankali.

Linkej noti biyu ne, kowa zai iya. Kan tayirod ma ba wuya: sassauta notin da ke kulle shi a jikin sanda, kwance na ƙasa, ka doki gefen ƙarfen da ya shiga ciki da guduma, ba kan zaren ba, zai faɗo. Wajen warware shi ƙirga zagaye nawa ya yi, ka mayar da sabon da wannan adadin. Wannan zai kai ka wurin alaimen lafiya, amma ba ya maye gurbinsa. Boljoyin ɗin Golf 3 noti uku ne ke riƙe shi a jikin lowa am. Zana alamar inda tsohon ya zauna kafin ka cire. A motocin da boljoyin ko bushin ke matse cikin ƙarfe, cire lowa am ɗin gaba ɗaya ka kai wa mai injin matsi, ka dawo ka ɗaura da kanka.

Ga wani sirri da ko a gareji ba kowa ke kiyayewa ba. Notin da ya ratsa bushin ba a ƙarasa ɗaure shi mota na sama. Ɗaura shi sako-sako, sauke mota ta zauna kan tayoyinta, sannan ka matse. In ka matse ƙafa na reto, da mota ta sauka robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni, ka ce kayan ne jabu.

Shokazoba bibbiyu ake canzawa, na gaba tare, na baya tare. A motoci masu sifirin ɗin faranti a baya, irin Hilux da Hiace, shokazoban daban yake, noti sama noti ƙasa, aikinka ne. Amma inda sifirin ya naɗe jikin shokazoba, kamar gaban kusan duk ƙananan motoci, da gaba da bayan Golf 3, to, a kula. Sifirin ɗin a matse yake da ƙarfin da ke ɗauke da nauyin mota. Wanda ya kwance babban notin tsakiya na sama ba tare da ƙarfen matse sifirin ba, abin zai tashi ya same shi a fuska. Igiya ko waya ba sa riƙe shi. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: ciro shi ɗungurungum, shokazoba da sifirin a haɗe, ka kai wa mai kayan aikin ya musanya maka. Wasu direbobin lodi kan cusa roba tsakanin zoben sifirin don baya ya ɗaga. Motar takan ɗaga kam, amma dukan da sifirin ya daina shanyewa shasi ne ke karɓa, har mazaunin shokazoba ya tsage.

Wajen sayen kaya, a Ƙofar Ruwa ne ko a shagon cikin gari, tafi da tsohon a hannu ka gwada su kafaɗa da kafaɗa, don mota ɗaya tana iya zuwa da kaya iri biyu. Ra'ayina game da na Beljiyam, wato kayan hannu: ƙarfe irin lowa am ko kwanon ƙasa, na hannu mai kyau ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, amma gasket, sil da bushin sababbi ake saye, don tsohuwar roba tsohuwa ce ko daga ina ta zo. Shokazoba na Beljiyam kuwa, tsayar da shi, danna sandar ciki ka ja ta waje sau uku ko huɗu. Ka ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. In akwai inda ta zurma ba tauri, ko jikinsa na sheƙin sabon fenti, ajiye musu. Boljoyin kuma in yana juyawa sakayau a yatsa, ya riga ya ci zamaninsa.

Bayan ka gama, ɗaure notinan taya a tsallake, mota na ƙasa. Taka birki sau biyu kafin ka motsa. Yi gwaji a hankali cikin gari, gilashi a sauke kana saurare, sannan ka kai ta alaimen in ka taɓa tayirod, boljoyin, lowa am ko shokazoban gaba. Bayan tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka, sake bin notinan taya da duk wanda ka kwance da sifana, ka kuma mayar da sabon kwali ƙarƙashin inji na dare biyu.